Yadda karatun jinya ya gyara min hannu da harshe

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ni nas ce, kuma ungozoma. Na fara sa fararen kaya a farkon shekarun 2000, na yi aiki a ɗakin maza da na mata da na yara, na fi daɗewa a ɗakin haihuwa, yanzu kuma ina koyar da ɗalibai a gefen gadon majinyaci. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami maganganu ne guda biyu da ba na rabuwa da jin su a gidan biki da gidan suna. Ta farko, wai me ake karantawa har shekara uku a kan yin allura da ɗaura ruwa, abin da yaron kemis ma yana yi. Ta biyu, wai nas-nas ba su da tausayi, tsawa da hantara kaɗai suka iya. Ta biyun tana ƙona min rai, domin akwai gaskiya a cikinta, na gani da idona. Amma a tawa rayuwar na ga maganganun nan a ɗaure suke da juna. Duk sanda na gane dalilin abin da nake yi wa majinyaci, sai hannuna ya ƙara kyau, harshena kuma ya ƙara laushi.

A wani ƙauye da ke arewacin Kano aka haife ni. Mahaifina manomi ne, yana kuma taɓa kasuwancin hatsi. Ya bar ni na yi sakandaren kwana, abin da ba ƙarami ba ne a garinmu a lokacin. Da sakamako ya fito da kyau na ce makarantar jinya nake so, sai ya ce a'a. Hujjarsa ita ce ta kowa: 'ya mace ta riƙa kwana a waje da sunan aikin dare, tana taɓa maza, wa zai aure ta. Wanda ya sauko da shi Kawuna ne, ƙanin mahaifiyata, malamin Islamiyya. Ya zo bayan isha'i suka zauna a zaure, ina jiyo su daga tsakar gida. Ya kawo masa labarin Rufaida Al-Aslamiyya, sahabiyar da take da tanti a masallacin Manzon Allah (SAW) a Madina tana jinyar waɗanda suka ji rauni, wadda da kibiya ta sami Sa'adu bin Mu'azu a yaƙin Khandaƙ aka kai shi tantinta don Annabi ya riƙa duba shi daga kusa. Sannan ya ce, "Malam, in iyalinka suka je asibiti haihuwa, wa kake so ya karɓe su, namiji ko mace?" Baba ya ce mace mana. Kawu ya ce, "To 'yar wa?" Baba bai ce komai ba a daren. Bayan girbi ya sayar da gero ya biya min kuɗin makaranta. Allah ya jiƙansa da rahama.

Wata shida na farko su ake kira PTS, zangon tankaɗe da rairaya, wanda ya faɗi jarrabawar ƙarshensa gida zai koma. Ana karantar da sassan jiki da yadda kowanne ke aiki, da ƙwayoyin cuta, da tarihin aikin tun daga Florence Nightingale, wadda ta yi jinyar sojojin Ingila a yaƙin Kirimiya a 1854 ta kuma buɗe makarantarta a Landan a 1860. Amma abin da ya fi cin lokacinmu gyaran gado ne, da yi wa mutum-mutumi wanka a kwance, da goge masa baki, da juya shi. Mu da muka zo da ɗokin riƙe sirinji, sai ga mu muna ja da naɗe zanin gado daga safe har azahar.

Malamarmu ta wannan darasi dattijuwa ce da ta yi karatu tun zamanin da sistoci Turawa ke koyarwa. Ba ta zagi, ba ta ɗaga murya. Tambaya ɗaya gare ta: "Me ya sa?" Kin ja zanin gado ya miƙe sumul, me ya sa? In kin ce don ya yi kyau, sai ta girgiza kai ta wuce ga ta kusa da ke. Amsar da take nema ita ce, mutumin da ba ya iya motsi nauyin jikinsa yana danne ƙananan hanyoyin jini a kwankwaso da dunduniya da kafaɗa, jini ya daina kai wa fata abinci. Ɗan naɗi a zani ko jiƙar fitsari ya isa ya buɗe gyambo, gyambon kuwa yana iya ci har ƙashi, ya kashe mutumin da shanyewar ɓarin jikin da ta kawo shi ba ta kashe ba. Shi ya sa ake juya shi duk bayan awa biyu, dare da rana. Tun ranar da na ji wannan, gyaran gado ya tashi daga aikin share-share a idona ya koma magani.

Haka ta bi da mu a kan komai. Me ya sa ake ƙirga numfashi alhali yatsu na kan jijiyar hannu, kamar bugun jini ake ƙirgawa? Don in majinyaci ya san numfashinsa ake kallo zai canza shi. Me ya sa ba a ɗura wa wanda ya suma ruwa? Don ba ya iya haɗiya, huhu ruwan zai nufa. Wannan kam ya girgiza ni, domin a gida abin da muke fara yi ke nan, yaro na jijjiga saboda zazzaɓi a ɗura masa ruwa ko manja, a cusa masa cokali a baki. A kan wanke hannu ta ba mu labarin wani likita a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya mai suna Semmelweis, wanda a 1847 ya gano cewa likitocin da ke fitowa daga ɗakin gawa su shiga ɗakin haihuwa su ne ke kai wa masu jego zazzaɓin da ke kashe su. Ya sa a riƙa wanke hannu da ruwan kulorin, mutuwa ta ragu ƙwarai, duk da haka abokan aikinsa suka ƙi yarda da shi. Sai ta dawo da mu gida. Ta ce zazzaɓin Lassa sunan gari ne a Borno, a 1969 wata nas da ke asibitin mishan na garin ta kamu, aka kai ta Jos ta rasu, nas ɗin da ta yi jinyarta ita ma ta kamu ta bi ta. Ta ce, "'Ya'yana, ku ne a gaba. Hannunku ke kai cuta, hannunku ke ɗauko ta."

Darasin da ya fi taɓa zuciyata a shekara ta biyu ya zo. Ina da yaya, wadda nake bi, an yi mata aure ina farkon sakandare. Da cikinta na fari ya tsufa ƙafafunta suka kumbura, fuska ta cika, zobe ya ƙi fita daga yatsa. Mata suka ce ai 'yan biyu ne, alheri ne. Ta riƙa kukan ciwon kai, tana cewa tana ganin walƙiya-walƙiya a idonta. Ba ta taɓa zuwa awo ba, a garinmu a lokacin mai cikin fari ko ambaton cikin ba ta yi saboda kunya. Daren da ta fara jijjiga aka ce iska ce, aka yi hayaƙi, aka nemo rubutu, aka yi tofi. Ta yi ta yi har gari ya waye kafin a samo mota. Ba ta kai asibiti da rai ba. Mun karɓi ƙaddara, har gobe kuma na yarda kwananta ne ya ƙare.

Ranar da malami ya rubuta alamomin hawan jinin masu ciki a allo, awo ya kai 140 bisa 90 bayan ciki ya wuce mako 20, furotin a fitsari, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, kumburin fuska da hannu, sai na ga Yaya a jere a kan allon, layi bayan layi. Na kasa rubutu. Ya ce abin da ake buƙata a gano shi ma'aunin hawan jini ne da ɗan tsinken gwajin fitsari, aikin 'yan mintoci. Na fita bayan aji na yi kuka har na gode Allah. Ban taɓa jin haushin iyayenmu mata ba, sun yi iyakar abin da suka sani, kuma cikin ƙauna suka yi. Amma tun daga ranar ban sake iya kallon awon jinin mai ciki a matsayin cika takarda ba. Ko layi ya kai bakin ƙofa, kowacce sai na zaunar da ita ta huta, na ɗaura mata a dantse daidai, na saurara da kunnena. Ba da wannan halin aka haife ni ba, allon nan ne ya sa min shi.

Da aka fara tura mu ɗakunan majinyata na gane ashe makaranta biyu ce, akwai ta aji, akwai ta wod. Maganar da ɗalibi ke fara ji ita ce, "Wannan na makaranta ne, nan aiki muke yi." Na ga takardar awo da aka cike zafin jiki da bugun jijiya na ƙarfe biyun dare tun ƙarfe goma, ba wanda ya taɓa majinyacin. Na ga an daka wa yarinya ƙarama tsawa tana naƙudar fari, an gaya mata maganar da ba zan iya rubutawa ba, an mare ta a cinya don ta buɗe ƙafa. Abin tsoron shi ne ɗalibi ya fi saurin ɗaukar abin da ya gani a kan abin da aka karanta masa. Cikin 'yan watanni sai ki ji 'yar ajinku, wadda ta zo da kunya da ladabi, ta koyi irin muryar nan, tana kiran uwar wani da lambar gadonta.

Allah ya taimake ni da wata sista da aka haɗa ni aikin dare da ita a ɗakin mata. Ita ba ta zama a tebur. Zagayawa take yi da tocila, ta gai da kowacce da sunanta, ta tambayi mai jinya ko ta samu ta ci abinci. In za ta yi wa mace wani abu sai ta ja labule, in babu labule ta sa a riƙe zani, ta ce, "Baiwar Allah, zan sa miki robar fitsari, zai ɗan yi zafi, ki yi haƙuri, so nake in ga yadda ƙodarki ke aiki." Na lura majinyatanta ba sa fisge-fisge, aikinta ma ya fi na masu tsawa sauri.

A hannunta na ga amfanin lamba. Akwai wata mata da aka yi wa tiyatar haihuwa da yamma, tana kwance shiru, 'yan uwanta na murna ta samu barci. Sista ta ce in riƙa auna ta duk rabin awa, in rubuta abin da na samu kawai. Hawan jininta bai motsa sosai ba, amma bugun jijiya daga 88 ya koma 100, ya koma 112, ya kai 124. Tafin hannunta ya yi sanyi, fitsarin da ke cikin jaka bai ƙaru ba, in ta buɗe ido ruwa take nema. A aji an gaya mana jikin mace mai ƙuruciya yana iya riƙe hawan jini daidai ko da ta zubar da jini mai yawa, zuciya ce ke ƙara gudu tana cike gurbi, wanda ya jira sai hawan jini ya faɗi ya makara. Na kai wa Sista takardar. Ta duba audugar da ke jikin matar, jinin waje kaɗan ne, ta taɓa cikin ta ji ya ɗaure. Nan take ta ƙara kanula ta biyu, wato 'yar robar da ake sa wa a jijiya don ƙarin ruwa ko jini, ta buɗe ruwa, ta aika a nemo jini, ta tura ni kiran likita. Ta ce kar in ce masa jiki ya rikice, in karanta masa lambobin a jere da lokacin kowacce. Likitan ya fito yana murza ido, yana jin lambobin ya wartsake. Aka mayar da ita tiyata, ashe a ciki jinin ke zuba. Ta rayu, ta fita da jaririnta a hannu. Da takardar nan irin wadda ake cikewa tun ƙarfe goma ce, da asuba sai dai a ce Allah ya yi mata rasuwa cikin barci.

Na ci jarrabawar Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wadda dokar 1979 ta kafa, na karɓi lasisi, na yi aure, sannan na koma na yi wata goma sha takwas na karatun ungozoma. Maigidana, Allah ya saka masa da alheri, shi ke kai ni aikin dare a babur ya kwana da yara.

Lokacin da na fara aiki a ɗakin haihuwa, in an kawo mace tana jijjiga dayazifam ake ba ta. Ta yi ta barci, jariri ya fito a galabaice, jijjigar kuma ta dawo. Alhali tun 1995 babban bincike ya nuna maganiziyam salfet ya fi shi, a 2002 kuma wani binciken da aka yi a kan mata kusan 10,000 a ƙasashe 33 ya nuna yana rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi. Ilimin yana nan a duniya, bai dai iso hannunmu ba. Da aka fara yaɗa shi a asibitocin Kano a wajajen 2008, tsoronsa ake ji, an ce yana tsayar da numfashi. Akwai waɗanda ko likita ya rubuta sai su yi ta jan ƙafa har a canza aiki. Horon da aka ba mu ne ya cire tsoron. Aka nuna mana giram 4 ta jijiya a hankali, giram 5 a kowane ɗuwawu, sannan giram 5 duk bayan awa huɗu. Kafin kowace allura a buga gwiwa a ga ƙafa ta harba, a ƙirga numfashi kar ya gaza 16 a minti, a auna fitsari kar ya gaza mililita 30 a awa, tunda ta ƙoda maganin ke fita. In kuwa ya yi yawa a jiki ga makarinsa, kalsiyam gulukonet, a ajiye shi kusa. Da na san ta inda haɗarin ke zuwa da yadda zan hango shi tun daga nesa, sai hannuna ya daina rawa. Na ga matan da aka kawo a sume, harshe a tattaune, sun farfaɗo sun shayar da 'ya'yansu. Alhamdu lillahi.

A nan na gane wani abu game da faɗan nas. Mafi yawansa tsoro ne. Ungozomar da ba ta san me za ta yi ba in kafaɗar jariri ta maƙale ko jini ya ɓalle, ita ce ke fara yi wa mai naƙuda ihu, tana sauke firgicin da ke ƙirjinta a kan wadda ta fi ta rauni. Ban ce uzuri ne ba, zalunci zalunci ne. Amma wadda ta maimaita matakan a kan mutum-mutumi har hannunta ya haddace, in abu ya rikice muryarta ƙasa take yi, don kanta na kan aiki.

Haka abin yake a kan masu ɗauke da cutar ƙanjamau. A shekarun farko in fayil ya nuna, sai a kai gadon mace ƙarshen ɗaki, a sa safar hannu biyu don a auna zafin jikinta kawai, kowa a ɗakin ya gane. Sai da aka zaunar da mu aka nuna mana cewa ko allurar da aka yi wa mai cutar ce ta soki mutum, haɗarin kamuwa wajen 3 ne cikin 1,000, kuma akwai maganin kariya in an fara shi cikin awa 72. Ciwon hanta nau'in B ya fi ta saurin kamawa nesa ba kusa ba, shi kuwa ba a tsoronsa, ma'aikata da yawa ko rigakafinsa ba su yi ba. Ƙa'ida ita ce a ɗauki jinin kowa da taka-tsantsan iri ɗaya, na Hajiya da na mai talla. Bayan wannan sai zama a bakin gadon irin wannan baiwar Allah ya zame min abu mai sauƙi, in riƙe hannunta, in yi mata bayanin maganin da zai kare jaririnta, in rufa mata asiri.

Wani fagen da karatu ya yi min rana shi ne zama da kakanni. Mai jego a hannun uwarta ko uwar mijinta take, duk abin da na faɗa a asibiti sai sun sa hannu zai yi aiki a gida. Nas ɗin da "kar a yi" kaɗai ta haddace faɗa za ta yi da tsohuwa, tsohuwa ta ce to, ta koma gida ta yi abin da ta gada. Ɗauki wankan jego da tafasasshen ruwa safe da yamma har arba'in, da kwanciya a gadon wuta, da kunun kanwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan masu jegon da zuciyarsu ke gazawa, jiki ya kumbura, numfashi ya yi wuya, suka danganta abin da gishirin da ke cikin kanwa da zafin da ke ƙara wa zuciya aiki. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna rashin abinci mai gina jiki da ƙarancin sinadarin seleniyam ma suna da hannu. Da na san wannan sai na san abin da zan roƙa da abin da zan ƙyale. Nakan ce, "Iya, ku kuka haife mu, ni ban isa in koya miki jego ba. A yi wanka, amma a sirka ruwan yadda ke ma za ki sa gwiwar hannunki ki bar ta a ciki. A dama kunu, a sa gyaɗa da tsamiya, a ba ta nama da ƙwai in da hali, sai dai a bar kanwar, don jininta ya hau da cikin nan, kanwa kuwa gishiri ce." Sau da yawa tsohuwa takan ce, "To 'yar nan, tunda kin faɗi dalili." Haka nake bi a kan dakashi da ake matsewa a zubar alhali shi ne rigakafin jariri na farko, da cibiya da ake gasawa ko a shafa mata man goge baki alhali ga man kulohekzidin na kashe ƙwayoyin cuta a cibiya ana bayarwa.

Maza ma haka. Mijin da aka miƙa wa takarda aka ce sa hannu za a yi tiyata, ba bayani, ba mamaki ya ce a bari ta ƙara gwadawa. Nakan zaunar da shi in ce, "Malam, kan yaron ya fi ƙofar, tun jiya yake danne mafitsararta a jikin ƙashi. In aka ƙara jira naman wurin mutuwa zai yi, ko ta rayu fitsari zai riƙa zubo mata ba tsayawa." Duk wadda ta taɓa shiga Babbar Ruga a Katsina ko sashen masu yoyon fitsari na asibitin Murtala a Kano, ta ga 'yan matan da doguwar naƙuda ta raba da 'ya'yansu da gidajensu, ba za ta sake wasa da takardar bibiyar naƙuda ba, ba kuma za ta ji ƙyashin ɓata lokaci wajen fahimtar da miji ba.

Ina da 'ya'ya na koma karatun digiri a Jami'ar Karatu Daga Gida. Digirin jinya tun 1965 aka fara shi a Jami'ar Ibadan, mu a Arewa ya daɗe bai zama ruwan dare ba, yanzu kuwa ABU da Bayero duk suna yi. Wasu abokan aiki sun ce ɓata lokaci ne, wai digiri ba ya sa kanula. Abin da na samu a ciki shi ne iya karanta bincike in auna shi, da ƙarfin halin tuhumar abin da aka saba. Misali jinin haihuwa. Shekara da shekaru da ido ake kimanta shi, a kalli zani da ƙasa a ce bai kai ba. Ƙa'ida ta ce mililita 500 ce iyaka, amma ido rage lissafi yake yi, zani ya shanye wani, wani ya bi ƙasan gado. A 2023 aka fitar da sakamakon binciken E-MOTIVE da aka yi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Najeriya. Leda mai ma'auni ake shimfiɗawa a ƙarƙashin mai jego, jinin ya taru a ga lamba. Da ya kai iyaka sai a yi komai a tare, a murza mahaifa, a ba da oksitosin mai sa mahaifa ta tsuke, a ba da allurar tsayar da jini, a ɗaura ruwa, a duba inda jinin ke fitowa, maimakon a gwada ɗaya a zauna jira. Mummunan zubar jini da abin da ke biyo bayansa suka ragu da kashi 60 cikin 100. Ungozomomi irina ne suka yi aikin nan da hannunsu, abin yana sa ni alfahari. Shi ya sa nake jin zafi in na ga an mayar da kwas ɗin da Majalisa ta wajabta kafin sabunta lasisi duk shekara uku ya zama a zo a sa hannu a karɓi takarda.

Gaskiya ɗaya ce, karatu ba ya haifar da safar hannu, ba ya kawo wuta. Na sha yin dare ni da ɗaliba ɗaya a ɗaki cike, wasu a ƙasa kan tabarma, ina ɗinki da fitilar waya. A irin wannan daren juyin awa biyu ba ya yiwuwa sai dai in koya wa mai jinya ta yi. Abokan karatuna da dama suna Ingila da Saudiyya, ban kuma ga laifinsu ba. Amma ko a cikin rashin, ilimi ne ke gaya maka wa za ka fara dubawa, me zai iya jira zuwa safe, me ba zai iya ba.

Abin da ke damuna yanzu shi ne yadda ake koyarwar. Makarantu sun yawaita, ana ɗibar ɗalibai da yawa, ta wani gefen abin farin ciki ne. Sai dai za ka ga taron ɗalibai sun kewaye gado ɗaya, na baya ko hannun malama ba ya gani, majinyaciya kuma an yaye mata sutura a gaban jama'a, su kuma suna koyon cewa hakan ba komai ba ne. Malaman aji da yawa sun daɗe rabonsu da wod, na wod kuma ba wanda ya ba su lokaci ko horon koyarwa. A ganina in wuri ɗaya za a kashe wa kuɗi, a kashe wajen samar da malaman gefen gado, har da na dare, domin da dare ake koyon hali, mai kyau da marar kyau.

Ɗalibaina sun san tsarina. Kafin ɗaliba ta taɓa majinyaci sai ta yi sallama, ta faɗi sunanta, ta nemi izini. Nakan sa ta yi wa tsohuwa bayanin hawan jini ko ciwon suga da Hausa zalla, in ta kasa to ba ta gane ba tukuna, ko da ta ci jarrabawa. In na ga lamba a takarda nakan koma in auna da kaina a gabanta. Wadda ta rubuta abin da ba ta auna ba, ba na yi mata tsawa a gaban mutane, amma ranar ba za ta tashi ba sai ta ji labarin matar nan mai bugun jijiya 124.

Iyayena na karkara, don Allah ku bar 'ya'yanku mata su yi karatun nan. Kiredit biyar ake nema, Turanci da Lissafi da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks. Kafin ku biya ko sisi ku tabbatar makarantar tana da amincewar Majalisa, don akwai masu karɓar kuɗi su ba da takardar da ba ta kai mutum ga lasisi. Wadda sakamakonta bai cika ba ma kar a yanke mata ƙauna. Shirin Women for Health da aka fara a 2012 a Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe ya ɗebi 'yan matan ƙauye, wasu da aure wasu da goyo, ya ba su shekarar share fage suka cike gibin, suka shiga makarantun jinya da ungozoma da niyyar komawa garuruwansu aiki. A garinmu yanzu ungozomar da ke ɗakin shan magani 'yar gari ce, jikar wani ƙanin Baba da ya fi kowa adawa da tafiyata makaranta, kuma duk Talata ita ke yi wa matan garin awo.